Anti Hura, Mai Tsaron Huhun Ma'aikatan Jirgin Ruwa

Kafin tashar jiragen ruwa ta cika da hayaniya, ma'aikaciyar jinyar wurin ta riga ta share ɗan ɗakin shan maganinta, ta goge na'urar awon numfashi. Duk ma'aikacin jirgin da ya shigo sai ta miƙa masa bututu: "Cika ƙirjinka. Hura! Ƙara dai, hura!" Daga nan suka laƙaba wa wannan ma'aikaciyar jinya Anti Hura.

Jirgin ruwa ba ya rabuwa da tsatsa, don haka ma'aikatansa kullum cikin fenti suke. Can ƙasan jirgi babu taga, warin ba shi da mafita sai ƙirjinsu. Su fito da jiri da tari, su kwankwaɗi madara wai tana wanke shi.

"Madara ciki take tafiya, ɗana," in ji ta. "Kai kuma huhunka ne ke kuka."

Ku tambayi Dogo, wanda ya fi kowa hannun fenti. Ranar da ya hura ya kasa, ta ce ya daina shiga ƙasan jirgi.

"Anti, so kike a kore ni? Me yarana za su ci?"

"So nake ka ga aurensu."

Ya fita ko sallama babu. Ita kuwa ta ɗauki mayafinta ta bi shi har jirgin, ta sauka inda suke fentin da ƙafarta. Ta hauro idanu jajur, tana tari, ta tsaya gaban kyaftin. Ba ta tafi ba sai da ya yarda a sa fankar zuƙe wari, a raba abin rufe hanci na gaske, a mai da Dogo aikin igiya a sama inda iska ke kaɗawa. Matarsa ta ce min yanzu har tsere yake da jikokinsa, kodayake su ke cinyewa.

Anti, ke ce uwar masu fenti. Kin sha harara, kin sha "ina ruwanki", ba ki fasa ba. Yau da kike ajiye aiki, ƙattin da kika yi wa faɗa ne ke rububin ɗaukar miki jaka.

Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Ku kuma da kuka gaje ta, in ma'aikaci ya ce wurin aikinsa na shaƙe shi, ku tashi ku je ku shaƙa da kanku.