Tafiyar Ɗauko Bukar daga Fadamar Haɗejiya

Mun tashi da asuba daga Kano, mu uku a mota, sallar ma a masallacin gidan mai muka yi ta. Ku da kuka yi ta tambayar inda na shige kwanakin baya, ga labarin. Ba yawon buɗe ido na je ba. Ƙanina Bukar na je gani a ƙauyenmu, gabas da Haɗejiya, kuma gaskiya a gajiye nake tun kafin in shiga motar.

Shekara biyu ke nan da dawowar Bukar daga karatun aikin gandun daji a wata ƙasa ta tsakiyar Turai, kuma tun da ya dawo bai taɓa yin wata uku a jere da lafiya ba. Yau zazzaɓi, gobe ciwon gaɓoɓi. Gwiwarsa ta dama ta kumbura, ta saɓe, ta sake kumbura. Akwai lokacin da gefen fuskarsa ya saki har bakinsa ya karkace, daga baya ya dawo daidai. An yi masa maganin maleriya har na daina lissafi, an yi na taifot, an ƙara ruwa, an ce jininsa lafiya lau. Da abin ya ishe shi sai ya tattara ya koma wurin Inna, mahaifiyarmu. Ita ce ta kira ni ta ce, "Ka zo ka ga ɗan'uwanka da idonka."

Abokina mai motar shi ke tuƙi. Na ukunmu maƙwabcina ne, likitan dabbobi, wanda zai je Birniwa duba wasu shanu, ya ce mu rage masa hanya. Daga Gezawa zuwa Ringim ba mu yi wata hira ba, sai tsakin direba duk lokacin da taya ta faɗa rami. A Gujungu muka tsaya karyawa. Ƙosan da aka kawo mana ya ƙanƙance har likitan ya ɗaga ɗaya ya tambayi mai tuyar ko maɓallin riga take sayarwa. Ta ce ya je ya tambayo kuɗin wake da man gyaɗa, in ya dawo sai su yi magana. Muka sha shayi mai ruwa-ruwa, muka ci gaba.

A ƙasar Kaugama an fara yankan riɗi, an jingina shi tsaye a gonaki yana shan rana. Zoɓo ya yi ja a gefen hanya. Damina ta ɗauke, amma ruwan da ta bari bai tafi ba. Tun kafin mu shiga Haɗejiya muka fara ganin gonakin shinkafa da ambaliya ta kwantar, wasu mutane cikin ruwa har cinya suna tsamo abin da za a iya tsamowa. A cikin gari muka sayi bandar tarwaɗa don Inna. Na ji kunyar kai wa mutanen bakin kogi kifin kasuwa, amma mai kifin ya rantse mini cewa bana ko masunta saye suke yi.

Bayan gari da ɗan nisa kwalta ta ƙare, jar hanya ta karɓa, ita ma ba ta daɗe ba ta nutse cikin ruwa. Muka bar motar a ƙofar wani dattijo, muka shiga kwale-kwale. Likitan ya ce aikinsa na Birniwa sai gobe, zai bi mu ya gaida Inna. Mai jirgin tsoho ne mai ƙarfin hannu, yana tura gora yana ƙorafi. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cinye hanyoyin da suka saba bi, sai an yi zagaye. Cikinta kuma tsuntsayen jan baki ke kwana, da safe su tashi kamar hayaƙi su sauka kan shinkafar mutane. Tafiyar da nake yi da ƙafa ina yaro cikin ɗan lokaci, ta ci mana fiye da awa guda, rana tana dukan ƙeya, sauro yana cizo da tsakar rana ba kunya.

Inna ta tarbe mu da burabusko da miyar kifi. Ta tsufa a shekara biyun nan fiye da yadda ta tsufa a goman da suka wuce. Muna ci tana lissafo mini abin da aka yi tun zuwansa. An sha rubutu, an yi ruƙiyya, an kawo mai ɗori ya matsa gwiwar, an jiƙa sassaƙe iri-iri. Wasu a gari sun ce sammu ne, an yi masa ne saboda karatunsa. Wasu kuma, waɗanda suka fi ƙona mata rai, sun ce wani abu ya koyo sha a can Turai, rashinsa ne ke kayar da shi.

Sai ga Bukar ya fito daga ɗaki yana dogara sanda. Wannan shi ne wanda yake iyo ya haye kogin nan ya dawo ba hutu. Ya gaishe ni da ladabi, "Yaya, an zo lafiya?" amma bai dubi idona ba. Na san dalili. Da Sallar da ta wuce, a gaban mutane, na ce masa ciwonsa na rashin aikin yi ne, ya tashi ya nemi abin yi jikinsa zai warware. A lokacin na yarda da abin da na faɗa. Duk takardun asibiti sun ce ba komai, ni kuma na gaji da yawon asibiti.

Da la'asar muka fita bakin fadama shan iska, Bukar yana tafe a hankali. Wani Bafillace ya kawo shanunsa shan ruwa, belbelu na biye da su. Likita ba ya iya ganin saniya ya ƙyale. Ya yi sallama, ya shafa wuyan wata, ya leƙa ƙarƙashin kunnenta, ya ciro kaska ta sha jini ta yi ɓul-ɓul. Ya kawo mana ita a kan ganye yana faɗan yadda makiyaya ke sakaci da wankan magani.

Bukar ya leƙa, ya yi 'yar dariya, dariyarsa ta farko tun zuwanmu.

"Ai namu na nan masu mutunci ne, Likita, ana ganinsu. Na can ko ƙwayar riɗi ba su kai ba. Sai ta kwana biyu a jikinka ba ka sani ba."

Likitan ya ɗago. "Ta taɓa cizonka a can?"

"Sau ɗaya dai da na sani. Muna aikin auna itatuwa a daji, 'yan watanni kafin in dawo. A bayan gwiwa na same ta, na cire da farce."

"Bayan nan wurin ya yi wani abu?"

"Ya yi ja, ya yi ta faɗi yana zagaye, har ya kai faɗin faifai. Tsakiyar ta washe, gefen ja. Na ɗauka makero ne, na shafa mai, ya tafi da kansa. Ina jin ma akwai hotonsa."

Ya daɗe yana laluben wayarsa kafin ya samo. Ga shi kuwa, jan zobe a fatar ƙafarsa. Likitan ya kalla, ya ƙara girman hoton, ya sake kalla. Ya jefar da ganyen hannunsa ya zauna a ƙasa kusa da Bukar, ya shiga tambayarsa ɗaya bayan ɗaya: yaushe zazzaɓin farko ya zo, yaushe fuskar ta karkace, yaushe gwiwar ta fara.

Daga ƙarshe ya ce, "Ku ji ni da kyau. Ni likitan shanu ne, ba na mutane ba, kada ku ɗauki maganata hukunci. Amma akwai wata cuta da ake kira Lyme. Kaskar ƙasashen sanyi ke ɗauke da ƙwayarta. Takan fara da irin wannan zoben, in ba a yi magani ba, bayan watanni sai ta taɓa jijiyar fuska, ta taɓa gaɓoɓi, musamman gwiwa. Gwajin maleriya da na taifot ba za su taɓa nuna ta ba, don ba ita suke nema ba. Bukar, duk asibitin da ka je, ka taɓa faɗa musu maganar kaskar nan?"

"Ba wanda ya tambaye ni inda na zauna, Likita. Ni ma ban ga haɗinsu ba."

Ban ji murna ba, in faɗa muku gaskiya. Abin da na ji shi ne nauyi, kamar an ce in sake ɗaukar kayan da na riga na sauke. Sau nawa aka ce mana an gano? Amma wannan ne karon farko da wani ya jera abubuwan da suka sami Bukar a kan layi ɗaya suka zauna daram.

Da muka faɗa wa Inna, tambaya ɗaya ta yi: "Tana da magani?" Likitan ya ce in ita ce, tana da shi. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fara haɗa masa kaya.

Washegari da sassafe muka sake shiga kwale-kwale, mu huɗu wannan karon. Saukar da Bukar cikin jirgin sai da muka kama shi mu biyu. A Haɗejiya likitan dabbobi ya rubuta sunan cutar a 'yar takarda ya ba ni, ya hau motar haya ta Birniwa. Mu kuma muka nufi wani ƙaramin asibiti inda aka san fayil ɗin Bukar. Mun jira daga hantsi har bayan azahar a kan benci, fanka ba ta juyawa.

Likitar da muka gani ta saurare mu har ƙarshe, ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai cutar ido da ido ba, a littafi ta san ta, kuma ba cuta ce da aka saba samu a ƙasar nan ba, shi ya sa ba ta zuwa ran kowa. Ta ce labarin ya yi kama sosai, amma kama ba tabbaci ba ce, akwai wasu cututtukan gaɓoɓi da sai an tabbatar ba su ba ne tukuna. Gwajin ba su da shi. Ta rubuta mana takardar zuwa babban asibiti a Kano, sannan ta nuna ni da biro ta ce, "Alhaji, kada in ji an biya kemis an saya masa ƙwayoyi saboda an ji suna. A bari a gwada." Na ce to. Da ma sayen ƙwayoyin nake shirin yi a raina.

A hanyar dawowa Bukar ya miƙe ƙafarsa a kujerar baya. Abokina ya rage gudu saboda shi, kowane rami sai ya ce masa sannu. Mun wuce Gujungu na juya na ce, "Bukar, maganar da na yi maka da Sallah, ka yafe mini." Can ya ce, "Yaya, ni kaina akwai ranakun da na fara zargin ko ƙarya nake yi wa kaina."

Mun shiga gida ana kiran magariba, jikina kamar an yi mini duka. Kwana biyu bayan nan aka ɗebi jininsa, aka ce sai an aika da shi wani wuri. Mun jira mako uku. Sakamakon ya nuna jikinsa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar, likitan gaɓoɓi ya haɗa da hoton da labarin, ya ɗora shi kan magani na wata guda. Yau kwanansa goma sha biyu yana sha. Kumburin ya ragu, yana zuwa masallacin unguwa da ƙafarsa. Gajiyar tana nan, kuma an gaya mana za ta iya daɗewa ko bayan an gama maganin. Ba na so in yi muku alkawarin abin da ban gani ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In kuna da wanda ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a jikinsa, ku zauna ku tambaye shi inda ya taɓa zama, aikin da ya yi, da abin da ya taɓa cizonsa, ku kai wa likita labarin duka, har wanda kuke ganin ba shi da amfani. Ba kowace doguwar jinya ba ce Lyme, yawanci ma ba ita ba ce, musamman ga wanda bai taɓa fita ƙasar nan ba. Amma in takarda ta ce ba komai, mutum kuma ya ce yana jin ciwo, ku yarda da mutumin ku ci gaba da nema. Ni shekara biyu na yi ina karanta takardun ƙanina, ban taɓa zama na minti goma na ce masa ya ba ni labarin daga farko ba.