Wendell Sabol ya tafi, saura kwami biyu

Da safiyar Talata, shida ga watan Mayu, Allah ya yi wa Wendell Sabol rasuwa a wani asibiti a birnin Erie, yana da shekara sittin da takwas, kwana huɗu bayan shanyewar jiki ta kayar da shi a bakin garejinsa. Matarsa Lorna ce ta kira ni. Sunana kawai ta ambata, na gane sauran.

Ni ne Orrin Teague, mai kafa kwamin wanka a bayan gidaje, irin wanda ake ɗorawa a kan ƙasa ba tare da haƙa rami ba. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare, ina kafa kwami, shi yana haɗa wutarsa. Na rubuta wannan ne don in yi wa abokina bankwana, kuma don akwai gidaje biyu a wannan yanki da kwaminsu zai iya kashe mutum. Wendell kaɗai ya san inda suke. Kwana bakwai ya rage ranar tunawa da sojoji, ranar da kowa ke yaye murfin kwaminsa yara su faɗa. Don Allah ku karanta har ƙarshe.

Wendell, kai mutum ne mai wuyar sha'ani, kuma ka sani. Ba a taɓa gayyatarka gashin nama ka zo ba mitar gwajin wuta a aljihu. Mutane na ci, kai kana tsugune a gindin famfon lantarkin da ke juya ruwan kwamin mai gida, namanka yana sanyi a faranti. Lorna takan ce ta auri mutum ɗaya aka haɗa mata da mita kyauta. Kai kuma ka ce gara a kira ka mai ɓata biki da a kira motar asibiti.

Shekarar da ƙanƙara ta karya turakun wuta, muka yi kwana shida cikin duhu, kai ka ɗauki janaretan gidanka ka kai wa tsohuwa Hruska, wadda injin numfashi ke riƙe da ranta. Iyalinka suka ƙare makon a gaban murhu da barguna. Da tsohuwar ta warware ta aiko maka da kek ɗin tuffa, ka mayar mata da farantin tare da saƙon cewa soket ɗin kicin ɗinta ya lalace, za ka zo Asabar. Wayoyin cocinmu kai ka sake su kaf, haka na zauren 'yan kwana-kwana. Ban taɓa ganin ka tsaya an gode maka har an gama ba.

Ni kuwa tsiya ce gaisuwarmu. Kana kirana jakin kafa roba, ina kiran ka limamin waya. Duk kwamin da na kafa, sai ka zagaye shi da shebur, ka ja baya kamar ƙafa biyu daga bangonsa, ka tona 'yar kwata mai zurfin inci biyar, ka binne tsirarar wayar jan ƙarfe ta zagaye shi. Ka ɗaure ta a jikin famfo, ka ɗaure a tsani idan na ƙarfe ne, sannan ka saka wani ɗan farantin ƙarfe a bututu yadda zai riƙa taɓa ruwan kullum. Ka sha yi min bayani cewa idan ruwa da ƙasa da tsani da famfo duk suna haɗe a waya ɗaya, ko wuta ta tsiyayo daga wani wuri ba za ta nemi hanya ta jikin mutum ba. Idan babu wayar, yaron da ƙafarsa ke kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, hannunsa cikin ruwa, shi ne hanyar.

Da aka fara kawo kwami na roba zalla, bango roba, ginshiƙai roba, na ce maka aikinka ya ƙare, tunda roba ba ta ɗaukar wuta. Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, “To, jaki, a cikin robar ake wanka ko a cikin ruwan?”

Na yi dariya a ranar, amma maganar ba ta shige ni ba. Bazarar 2012 aka yi maka aiki a baya, ka yi wata uku a kwance. Na kafa kwami kusan sittin a gundumomi uku, kuma a lokacin ina shan giya fiye da hankali. Na cikin gari na nemo wani ya haɗa musu wuta, domin jami'in duba aiki zai zo. Amma akwai goma sha ɗaya na roba a can ƙauye, inda masu gida ba su nemi takardar izini ba, ni ma ban matsa ba. Na jona musu famfo da hannuna, babu zoben jan ƙarfe, babu farantin ruwa, na kama hanya. Da ka warke ka tambaye ni, na ce komai lafiya.

Shekara biyu da suka wuce wata mata daga wajen Wattsburg, cikin waɗanda na kafa wa kwamin, ta kira ka, ta ce jikarta na cewa ruwa yana tsunkulinta duk lokacin da za ta fito. Ka je ka gwada, ka tona ƙasa, ba ka sami komai ba. Ka zo ka same ni a shago. Ba ka ɗaga murya ba, wallahi da ka ɗaga da ya fi min sauƙi. Ka ce, “Guda nawa?” Na ce goma sha ɗaya. Ka ce in shiga mota mu tafi. Na ƙi. Na ce idan maganar ta fita lauyoyi za su cinye ni ɗanye, na ce shekara goma sha ɗaya ba wanda ya mutu. Na lissafa maka bakwai da na iya tunawa, na ce sauran sun ɓace min, kuma gaskiya ne sun ɓace.

Sai ka tafi kai kaɗai, da ciwon bayanka. Kowane gida ka ƙwanƙwasa ka ce tsohon aikinka ne ka zo gyarawa, kuskurenka ne, kyauta za ka yi. Ba ka rubuta ko suna ɗaya ba, ka ce takarda za ta iya zama shaida a kaina. Waɗanda na manta ka riƙa bin hanyoyin ƙauye a a-kori-kurarka kana leƙen bayan shinge. Ka ce daga nesa kake gane aikina, domin ni kaɗai nake ɗora famfo a kan bulo uku, kuma kullum a karkace.

Ranar Alhamis, kwana ɗaya kafin ka faɗi, muna shan kofi a inda muka saba, ka ce min, “Saura biyu, kuma na gano su. Ƙasa na shan iska zan je.” Na ce, “Haba limami, bar ni in ci ƙwaina cikin kwanciyar hankali.” Abin da na ce ke nan. Ban tambaye ka ina ne ba.

Na zo asibiti da taswira. Na baza ta a kan ƙirjinka, ina bin hanyoyi da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ina roƙonka ka matse hannuna idan na zo wurin. Idonka a buɗe, hawaye na gangarowa ta gefe, hannun ya ƙi. Na yi haka kwana uku har ma'aikaciyar jinya ta ce in ƙyale ka ka huta.

A wajen jana'iza mutanen gidaje taran da ka gyara suka zo. Fasto ya yabe ka, ya ce ga mutumin da ya yi kuskure a aikinsa kuma bai ji kunyar komawa ya gyara ba. Jama'a suka gyaɗa kai, Lorna ta sunkuyar da nata. Ina zaune a layi na biyu, na riga na ɗauki akwatin gawarka a kafaɗata, ban ce uffan ba. Na tsani kaina a ranar, har yanzu kuma ban daina ba.

Tun daga nan nake yawo. Na bincike motarka da wayarka, babu komai. A garejinka na sami nannaɗen jan ƙarfe biyu ka riga ka yanka, da farantan ruwa biyu. Na auna su. Ɗaya na kwami mai zagaye ne mai faɗin ƙafa ashirin da huɗu, ɗayan ya fi kama da na dogon kwami mai siffar ƙwai. Iyakar abin da na sani ke nan. Na bi hanyoyin gundumomin Erie da Crawford da Warren har karnukan mutane sun san motata, kwamin duka a rufe, famfunan a cikin sito, ba abin da zan gane.

Saboda haka ina roƙon duk wanda na kafa wa kwamin roba a 2012, ko wanda ya sayi gida ya tarar da shi, ya duba inda famfo ke zama. Ya nemi tsirarar wayar jan ƙarfe mai kaurin tsinken tsire tana fitowa daga ƙasa. Idan babu, kada ya kunna famfo, kada kowa ya taɓa ruwan, ko da an shekara goma ana wanka lafiya. Ku kira shagona, ko kowane mai aikin wuta da kuka yarda da shi. Ku zage ni, ku kai ni kotu, na cancanta, amma ku fara bari in zo da shebur. Ku gaya wa maƙwabta, ku faɗa a coci ranar Lahadi.

Allah ya jiƙan ka, Wendell. Ya yi maka rahama, ya sanyaya makwancinka, ya saka maka da alherin kowane yaro da ya fito daga ruwa lafiya bai san sunanka ba. Ya ba 'ya'yanka Marcy da Glenn da jikokinka haƙurin wannan rashi, ya kuma tsare mutanen gidajen nan biyu har in iso gare su.

Lorna, na kasa zuwa ƙofarki in faɗa miki wannan da bakina, a jarida za ki gani. Mijinki bai taɓa barin waya ɗaya ba a ɗaure ba. Laifina ya ɗauka, ya ƙarasa lalata bayansa a kan shebur yana binne abin da na ƙi binnewa. Allah ya ba ki juriya. Ba na neman ki yafe min yanzu. Ina roƙonki ki zauna ki tuna makonsa na ƙarshe, ko ya dawo gida ya ambaci sunan wata hanya, ko wani ƙauye, ko launin wani gida. Ko kalma ɗaya ce, ki kira ni.