Mai Ƙwaryar da Ke Kuka

A layin masu gyaran rediyo na kasuwar Daura yake zaune, siririn dattijo, tabaransa ɗaure da zare. Ƙwarya ce a cinyarsa, an ɗaura mata wayar birkin keke. Yana ɗiga dalma a kan ƙananan wayoyin cikinta, ko numfashi ba ya yi.

Ya jona batiri da lasifika, ya goga wayar. Sai kuka, kamar mace a ƙasan rijiya.

"A'uzubillahi!" in ji wata mai fura. "Malam, me ka rufe a ciki?"

"Kiɗan fim ne, Hajiya, na ban tsoro."

An ce matarsa ma ta hana shi shiga gida da ƙwaryar. Dariya yake yi, amma ya cire batirin, ya sa ƙwaryar a buhu, ya ɗaure. Ya sake kwancewa, ya leƙa.