Ƙaho da ruwan gishiri

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina na shige tun bayan babbar salla, ina nan da raina. Kunya ce ta rufe min baki.

Tuƙin tasi ya gama da bayana. Wata Juma'a na je unguwar Mount Hope a nan Bronx, wani wanzami ya tsattsaga bayan ya kafa min ƙaho. Washegari 'yata Zainab ta kai ni wani wuri a Manhattan. Akwati ne babba cike da ruwan gishiri mai ɗumi, ka kwanta ruwan ya ɗauke ka, a rufe murfi, ba haske ba ƙara. Ta ce yana sassauta ciwon baya.

Ma'aikaciyar wurin ta tambaye ni ko ina da rauni a jiki. Na ce babu. Wallahi ban yi nufin ƙarya ba, ni a wurina ƙaho magani ne.

Ina kwantawa sai ka ce an zuba min barkono. Ga duhu, ga murfi, kabari ya faɗo min a rai. Na fasa ihu ina salati, na yo waje da tawul, ƙato da furfurarsa.

A mota na ce wa Zainab, "Ai wurin da daɗi."

Tsagar ta kumbura, ta fara ruwa, zazzaɓi ya biyo. Na koma kwana da riga don kada Hajiya, matata, ta gani. Da wane baki zan ce na tuɓe na kwanta a akwatin Turawa har na yi kururuwa?

Haka na yi ta ɓoyo, har ranar da na kasa ɗagowa daga sujada.

A asibiti aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa, allura ta jijiya safe da yamma. Na ji tsoro sosai. Likita ya ce cutar ta kusa shiga jini, kuma ba zai iya cewa daga askar ce ko daga ruwan ba. Ya ce akwatin yana yi wa wasu amfani, amma ba mai ɗanyen ciwo ba. Inshora ba ta biya duka ba, tasi kuma tana ajiye.

Hajiya ta ce, "Baban Zainab, so kake ka bar ni a Bronx ni kaɗai, saboda kunya? Ni ce baƙuwa?"

Na roƙe ta gafara.

Alhamdu lillahi, na warke. Na gode wa likitoci, da 'yan masallaci da suka yi ta zuwa dubiya.

In kun yi ƙaho, ku bari ya warke kafin ku shiga irin ruwan nan. In an tambaye ku, ku faɗa. In ciwo ya kumbura, ku tafi asibiti, ku kuma nuna wa na gida.

Ni sai da nas-nas suka ga bayana kafin matata ta gani. Ta yafe min, amma har yau ba ta manta ba.