Ranar da Kakata Ta Tare Ƙofa

Duk sa'ad da na ratsa layin majema a kasuwar Dakoro, warin bagaruwa ya buge ni, sai wani rani ya faɗo mini a rai, shekara biyu ko uku bayan tafiyar Nasara. Ina yarinya lokacin, ban fi shekara tara ba.

Rijiya ɗaya gare mu a ƙauye, mu da makiyaya masu saukowa daga wajen Azagor. Kada in ɓoye maka, mata ma suna faɗa a bakinta. Na ga an fizge kallabi, an yi gori har kaka da kakanni. Amma kafin la'asar za ka tarar wata na ɗora wa wata tulu. Na maza daban yake, baki bai gama magana ba hannu ya kai ga sanda.

Ran nan shanun wani saurayi Bafillace suka ture komin da kawuna ya cika wa tumakinsa. Kawu ya sauke wa saurayin sanda a ka. Saurayin ya faɗi, jini na bin rairayi. Maza suka watse, kowa ya nufi gida ɗauko takobi da kwari da baka, don sun san ƴan'uwansa na nan tafe.

Kakata, wadda ta haifi kawu da innata, ƴar ƙaramar tsohuwa ce mai ƙarancin magana. Ita ta sa mata huɗu suka ɗauko saurayin a tabarma har ɗakinta. Ta wanke raunin da ruwan ɗumi, ta zuba garin bagaruwa, ta ɗaure da kallabinta.

Sai ga kawu da takobi, yana cewa a fitar da shi, wannan sha'anin maza ne. Kaka ta kifa turmi a bakin ƙofa ta zauna. Ta ce, "Ku ke fasa kai, mu ke wanke jini. Wanda ya shiga ɗakina ɗana ne. In kana son shi, fara da ni."

Ya daɗe a tsaye yana huci. Ba ta ko ɗauke ido ba. A ƙarshe ya jingine takobin a jikin danga.

Da makiyaya suka iso, uwar saurayin kaɗai kaka ta bari ta shiga. Ta tarar da ɗanta a zaune yana shan fura. Da ta fito ta yi wa mazansu magana da Fillanci, suka sauke sanduna. Nan gaban kowa kaka ta yanke cewa kawu ne zai shayar da shanun har mai su ya warke. Kawu ya yi kusan sati uku yana jan guga, tafin hannunsa ya tsage, samari na yi masa dariya wai mace ta juya shi. Da jandarma suka zo, ba su sami wanda zai kai ƙara ba.

Yanzu abin ya wuce sanda, bindiga ake ji a daji, kuma har yau mata ake bari da makoki. Na haifi maza biyar, ba wanda na taɓa yaba wa don ya kayar da wani. Gwiwoyina sun fara ƙi, amma in na ji hayaniya a unguwa, ba na aika kowa. Da kaina nake zuwa.