Ranar da Na Kai wa Inna 'Yan Matanta

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna, kuma tun da na buɗi ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Mahaifiyarta Bafulatana ce daga rugagen bayan Nasarawa Burkullu, don haka kunyar ɗan fari a wajenta ba abin wasa ba ce. Ba ta kallona ido da ido, ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta roƙona komai. In tana son wani abu a wajena sai ta juya ga bango, ko ga akuya, ko ga duk yaron da ke kusa, ta ce, "A gaya ma wancan katangar baya ta tsage." Alhali ga ni tsaye a tsakar gidan. Ni ma sai in yi kamar ban ji ba, in fita in nemo magini. Haka muka rayu, kuma ban taɓa ganin aibun abin ba.

Akwai magana ɗaya da Inna ta daɗe tana gaya wa bango: tana son ta ga 'yan matanta da idonta, ko da sau ɗaya ne. 'Yan matan nan kuwa ba wasu ba ne, 'yan ƙwallon mata ne na ƙasarmu.

Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya. Tsohuwa mai carbi, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, me ya haɗa ta da ƙwallo? Rediyon Baba ne ya haɗa su. Shekarar da ta haifi autarmu, tana cikin jego ba ta fita, Baba ya bar mata rediyonsa don ya ɗebe mata kewa. Wata safiya ta ji ana labarin matan Najeriya can Amurka, wai 'yan Brazil sun zura musu uku, suka tashi suka rama ukun nan duka, sannan a ƙarin lokaci aka ci su. Goggona ta ce ranar Inna ko kunun kanwa ba ta sha ba. Ita da ma tana yarinya ita ake turawa in maraƙi ya tsinke, don babu namijin da ke cim mata a gudu. Jin cewa akwai matan da gudu ne aikinsu, har ana faɗinsu a rediyo, shi ne ya shiga ranta bai fita ba.

Tun daga nan ta riƙe tarihinsu, amma da irin nata lissafin. Ba ta san shekarun Bature ba. Sai ta ce, "Kofin da sunka ɗauko shekarar da kogi ya ci muna gero." Ko kuma, "Wanda ya kuɓuce musu shekarar rasuwar Malam," wato Baba. Ta san babu wata ƙasa a Afirka da ta kai su yawan ɗaukar kofin nahiyar, ta san ba a taɓa yin gasar duniya ta mata babu su ba, kuma ta san duk da haka ba su taɓa wuce inda suka tsaya a shekarar jegonta ba. Wannan na ƙarshen yana ci mata rai kamar gonarta ce ta ƙi yi. Lokacin da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauye muka dawo Gummi, ta bar tukwanenta, ta bar turminta, amma rediyon yana ƙulle a bakin zanenta.

Abin kunyar shi ne, ni gidan kallon ƙwallo nake da shi. Rumfar kwano ce kusa da tasha, da bencina, da janareto, da talabijin biyu, babba da ƙarama. Daga can zuwa gidanmu ko shayi ka ɗauko ba zai huce ba. Mata ba sa shiga irin wurin, wannan kowa ya sani, balle mahaifiyar mai wurin. Wasan mata kuwa sau ɗaya na gwada sa shi, wasu samari masu haƙar zinariya da suka zo daga Anka suka tayar mini da hayaniya sai na mayar musu da na Turai. Na zage su tas, don ni bakina ba ya da linzami, amma dai na mayar.

Inna ta san ana ganin 'yan matanta a wurina. In na shigo gaisuwa, na durƙusa daga bakin ƙofa, sai ta ce wa bango, "An ce yanzu har ganinsu aka yi cikin akwati. Ko dogaye ne, ko gajeru, Allah masani." Ina ji sarai. A raina sai in ce, in an sami ranar da babu wasa zan ɗauko mata ƙaramar. To, yaushe ne babu wasa? Yau na Ingila, gobe na Sifen, jibi janareto ya lalace ina faɗa da makanike. Kuma da yake ba ni ta tambaya ba, bango ta tambaya, babu ranar da zan ce na hana ta.

Sauran buƙatunta kuwa ina yi da saurina, har ina jin kaina. Ta ce wa akuya hasken ɗakin ga ya rage, washegari na ɗaura mata sola da ƙwan fitila mai haske kamar na kanti. Ta ce allurar zamani ba ta da kafa, na je kasuwa na sayo mata manya. Ta ce yaran gidan ga sun cika barin kaya a hanya har ta yi tuntuɓe, na tara yaran na yi musu tatas. Duk ban haɗa ɗaya da ɗaya ba.

Sai damanar da 'yan matan suka kai wasan ƙarshe da Maroko. Inna tana da haushin Maroko, don a gasar da ta gabata su suka fitar da mu bayan an kori 'yan wasanmu biyu daga fili, kuma har yau ba ta yafe wa alƙalin wasan ba. Wannan karon ko a rumfata an cika, don magana ce ta kofi na goma. Aka zura mana biyu tun kafin hutu, mutane suka fara ficewa suna tsaki. Bayan hutu matan nan suka rama ɗaya, suka rama na biyu, ana gab da tashi suka ƙara na uku. Samarin da suka taɓa yi mini hayaniya su ne suka karya mini benci don murna.

Da safe ina shara sai ga autarmu, wadda ke zaune da Inna tun da mijinta ya tafi neman abinci Legas. Ba ta shigo ba, daga bakin rumfa ta tsaya, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Yaya, ka kai ma Inna talabijin yau."

"To, sarauniya. Bari in gama da benci, gobe in Allah ya kai mu."

"Ba gobe ba. Yau."

Na ɗago zan wanke ta, don ban saba ƙanwar da na goya ta ba ni umarni a titi ba. Sai na ga idonta ya yi ja. Ta ce jiya Inna ta rungume rediyo har aka tashi, da aka ci na ukun ta ce wa bango, "Waccan shekara sun rama ukku anka ci su. Bana sun gama aikin. Ni dai ban gani ba." Ta juya ta tafi, ta bar ni da tsintsiya a hannu.

Na sa aka sauke mini wasan a filashi, ɗan abin nan da ake ajiye bidiyo a ciki. Bayan la'asar na ɗora ƙaramar talabijin a baro, da batir, da lasifika ɗaya, na turo da kaina. Gari ya yi luf da hadari, hanya duk taɓo, masu shago suna ta tsokanata wai ko na karye ne na fara sayar da kaya. Na shiga ɗakin Inna na jera komai a kan akwatinta, na haɗa wayoyi. Ita tana can gefen gado ta juya baya tana jan carbi, wai ba ta san ana yi ba. Da na gama na koma bakin ƙofa na tsaya, inda na saba tsayawa. Auta ta kama hannunta ta zaunar da ita a tabarma, daidai gaban allon. Na ga kamun hannun nan, na ɗauka girmamawa ce.

Aka fara. Inna ta gyara zama, ta miƙe wuya, fuskarta kamar ta yarinya ranar sallah. Mai sharhin da Turanci yake yi, ba ta jin ko kalma, amma sunayen 'yan matan duk ta san su, kuma wasan ta riga ta haddace shi daga rediyo. Da aka zura mana ta farko ta ce, "Ku bar su, su yi ta murna." Da aka zura ta biyu ta yi 'yar dariya. Auta ta tashi ta tafi duba tukunya, ya rage daga ni sai ita.

Ƙaramar talabijin ɗin nan tana da wata cuta da na sani: wayar hotonta ta saki, in an girgiza ta sai hoton ya ɗauke, murya kuwa ta ci gaba ta lasifika. Girgizar baro ta tayar mata da ita. Ana cikin zagaye na biyu sai allon ya yi baƙi ƙirin. Na yi tsaki a ciki, na ɗaga ƙafa zan shiga in gyara.

Sai na ji Inna ta ce, "Kai, dubi gudu. Ɗiyar ga ta iya gudu."

Na tsaya da ƙafa ɗaya a cikin ɗaki. Tana fuskantar allon, idanunta a buɗe, tana murmushi, tana gyaɗa kai. Babu komai a allon nan sai inuwar ƙofa da tawa. 'Yan kallo suka yi ihu a lasifika, ta ƙara matsawa gaba ta ce, "Madalla. Ashe haka suke."

Nan take fitilar, da allurar, da tuntuɓen suka dawo mini gaba ɗaya. Tun yaushe matar nan take gaya mini idonta na tafiya, da harshen da ta iya gaya mini, ni kuwa ina ta sayo ƙwan fitila? Ta hana auta faɗa, kamar yadda na ji daga baya, wai kada a ɗaga wa wancan hankali. Da muka je asibiti a Sakkwato likita ya ce ba yana ba ce da ake cirewa, jijiyar idon ce ta mutu a hankali, da an zo da wuri da an tsare abin da ya rage. Amma wannan daga baya ne. A lokacin dai ji na yi na tsani kaina, na tsani rumfar, na tsani duk wani wasan Ingila da na taɓa kunnawa. Shekara da shekaru talabijin ɗin nan tana dab da gidanta, sai da ba ta da abin kallonta na kawo.

In na ce, "Inna, ba kya gani," na tona abin da ta rufe don kunyata, kuma na ƙwace mata wannan yammacin. Na lallaɓa na shiga, na danna wayar, hoton ya dawo. Na koma bakin ƙofa. Sai na juya ga bango, kamar mai magana shi kaɗai.

"Oh, mai tsaron gidan nan doguwa ce. Hannunta kamar faifai, ga safar hannu ta sa."

Inna ta karkato kunne. Carbinta ya tsaya.

"Ita kuma wannan mai gudun ta gefe gajera ce, kakkaura, ta zubo kitso har gadon baya. In ta taka sai kitson ya riƙa dukan bayanta. Filin kore shar, kamar fadama bayan ruwa. Mutanen Maroko duk sun sa ja, sun cika ko'ina, namu 'yan kaɗan ne can a lungu da ganguna."

Na ci gaba. Na gaya wa bango wadda ke da faɗin kafaɗa, da wadda ta ɗaure kanta, da wadda ta faɗi ta tashi tana kaɗe ciyawa daga gwiwa. Da aka ci ta ukun na gaya masa yadda suka ruga suka danne wadda ta ci, da yadda wata ta durƙusa ta ɗaga hannu sama tana kuka. Auta ta dawo da ludayi a hannu, ta tsaya a bayana. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, na ɗaga murya don kada ya danne ni.

Da aka miƙa musu kofin na ce, "Ga shi sun ɗaga. Mutum biyu ne suka kama, da alama yana da nauyi."

Inna ta ajiye carbinta. Sannan ta sa bakin mayafinta ta goge fuska, ta juya ga bango, ɓangaren da ta san ina tsaye.

"A gaya ma wancan na gani," in ji ta. "A ce mai, gajerar nan mai kitso, haka nike sa'ad da nike yarinya."