Ruwan 'Ya'yan Shammam

Shekaranjiya jikata ta yanka shammam, wannan ɗan'uwan kankana mai ƙamshi da ke cika kasuwannin Makka idan zafi ya kankama. Ta sa cokali ta kwashe 'ya'yan za ta watsa a kwandon shara, sai na ji bakina ya riga ni magana: "Kar ki zubar." Ta juyo ta tambaye ni da Larabci ko lafiya. Na ce lafiya lau. Amma ƙamshin ya riga ya ɗauke ni, ya mai da ni wani ɗan gidan kwano da katako a unguwar Mansur, inda faifai cike da 'ya'yan shammam ke shan rana a kan rufi, kakata kuma tana zaune a inuwa tana korar tantabaru da mafici.

Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, ban yi makaranta mai nisa ba. Abin da na gani zan faɗa, da abin da na yi.

Kakata, mahaifiyar babana, da ƙafa ta baro ƙasar Kano ita da mijinta, babana yana goye. A Omdurman ta ƙasar Sudan mijin ya rasu, guzuri ya ƙare, sai ta sami aikin girki a gidan wani Bayahude mai sayar da yadi. Shekara bakwai ta yi a gidan kafin ta ƙetaro teku. Matar gidan kuwa, kakata ba ta taɓa kiran sunanta a gabana ba, kullum "uwar ɗakina" take cewa, har yau ban san sunan ba.

Wannan labari ni kaɗai take ba wa. Duk lokacin zafi aikina ne in bi maƙwabta in roƙi 'ya'yan shammam, in wanke su har santsin ya fita, in shanya. Da la'asar sai mu zauna muna tsince marasa ƙwaya, ita kuma ta rage murya.

"Wannan tsakanina da ke ne, ƙawata," in ji ta. "Bakinki dai kamar ƙofar masallaci, ba ya rufuwa, amma ki rufe min shi a kan wannan."

Sai ta fara, idonta ya tafi wani wuri. Ta ce mutanen gidan suna da wani babban azumi, kwana ɗaya tak a shekara, amma da darensa da ranarsa. Suna kama baki kafin rana ta faɗi, ba ci ba sha, sai gobe idan taurari uku sun fito. Saura mako guda uwar ɗakin za ta shimfiɗa tabarma a ƙofar madafi, ta kira ta su zauna, su tsara komai da baki kamar masu shirin biki. Kaji nawa za a kai wa mahaucinsu ya yanka, zakara don kowane namiji, kaza don kowace mace, da waɗanda za a ba matalauta. Wace tukunya ce ta nama, wace ce ta madara, domin a gidan nan ba sa taɓa haɗuwa, ko cokalinsu daban ne. Abincin kama baki romon kaza ne da shinkafa da kabewa, gishiri ɗan kaɗan, ba yaji, ba tafarnuwa, ba abin da zai tayar da ƙishirwa gobe. Kakata ta ce shekarar farko ta ɗanɗana romon ta ji shi salam, ta lallaɓa ta ƙara barkono don ta burge. Washegari maigidan ya yini yana lasar leɓe yana hararar madafi, uwar ɗakin kuwa da aka sha ruwa ta yi ta dariya har da hawaye.

Sai kuma na buɗa baki. Wannan ma tun kafin azumin ake gama shi, don ranar ba sa kunna wuta. Ana toya ƙananan zobban gurasa masu riɗi, a jera a gwangwani. Ana ɗaukar lemun tsami a soka masa kanumfari ko'ina har ya koma kamar bushiya, a ba kowa nasa ya riƙa shinshina idan jiri ya taso. Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne daɗewa a shiri, shi ne ruwan 'ya'yan shammam. Tun zafi ake tara su. Ranar jajibiri a ɗan gasa, a daka, a ƙulle a farin ƙyalle, a saka cikin tulu. Suna azumi shi kuma yana jiƙa, ana ɗan matsa ƙullin lokaci-lokaci, har ruwan ya yi fari kamar nono. A sa sukari da ɗigon ruwan wardi. Shi ne abu na farko da ke shiga maƙogwaronsu, sannan gurasa, sannan romo, abinci mai nauyi sai an jima.

Idan tana ba da wannan labari ni ma sai in ga gidan. In ga mutane cikin fararen kaya suna tafiya a hankali, in ga fitilar mai tana ci ita kaɗai a lungu, in ji ƙamshin kanumfari da iskar kogi da ban taɓa gani ba. Har mafarkinsa na sha yi.

Wata shekara, ranar azumin, zazzaɓi ya kwantar da babana, yana ɗan shekara huɗu. Duk abin da aka ba shi sai ya dawo da shi. Uwar ɗakin, da bakinta a bushe, ta buɗe tulun da ba a taɓawa sai taurari sun fito, ta zauna a ƙasa ta ɗora kansa a cinyarta, tana ɗura masa da cokali tun azahar. Ruwan nan kaɗai ne ya zauna masa a ciki. Kafin magariba tulun ya ƙare. Mutanen gidan suka buɗa baki da ruwan randa.

Shi ya sa a Mansur, duk shekara, idan rumman, ɗan itacen nan na garin Ɗa'if, ya fara shigowa kasuwa, kakata takan duba jinjirin wata ta ƙirga. Ran tara ga watan ta dafa mana kazar nan marar gishiri, mu ci kafin magariba muna ta mita. Ran goma bayan sallar magariba ta tace ruwan a kofuna, ta ɗora min tire, in kai duk gidan da ke da yaro marar lafiya. Mutane suna ce masa maganin Hajiya. Na taɓa tambayarta ko azuminsu take yi. Ta dungure min kai.

"Ni na san azumina, 'yar nema. Wannan ba ibada ba ce. Tuna alheri ne."

A shekarar da rediyo ya cika da labarin yaƙi tsakanin Larabawa da Yahudawa, ina da shekara goma. Kowane shago ka wuce maganar ke nan, fuskoki a ɗaure. Watanni bayan haka, saura kwana biyu a daka 'ya'yan, muna layin famfon unguwa ni da ƙawata, 'yar maƙwabciyarmu mai waina. Ta fara cika baki wai kakarta ta taɓa yin girki a gidan wani babban mai saukar da alhazai, gida mai hawa huɗu. Na ji ba zan iya bari ta fi ni ba.

"Wannan ne abin faɗa?" na ce. "Tawa kakar shekara bakwai ta yi tana yi wa Yahudawa girki. Ruwan nan da ƙaninki ya sha bara ma nasu ne, da shi suke buɗa baki."

Ban faɗa da mugunta ba, Allah ya sani. Alfahari ne kawai. Na faɗi girkin na bar cokalin, na faɗi Yahudawa na bar cinyar da aka ɗora kan babana. Matan da ke layin suka juyo gaba ɗaya suka dube ni, sannan suka dubi juna. A nan na san na yi ɓarna, amma na ɗauki garwata na koma gida ban gaya wa kowa ba.

Ran goma na ɗauki tire. Gidan farko na mai waina ne, ina jin tarin ɗanta daga ciki. Ta leƙo ta labule, ba ta ko miƙo hannu ba.

"Ki ce wa Hajiya mun gode. Mun ƙoshi."

Gida na biyu aka ce yaron ya yi barci. Na uku ba a amsa sallamar ba. Na dawo da kofuna shida cike a kan tire.

Na tarar babana ya shigo. Shi ɗan dako ne, da aikin Hajji a Mina yake samun abin da za mu ci rabin shekara, kuma ba ɗayanmu da ke da takardar zama. Maganar ta riga ta iske shi a wurin masu shayi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa irin na ranar ba.

"Inna, so kike a zo a kwashe mu a zuba a jirgi? A wannan lokacin? Mutum ɗaya ya kai magana, shi ke nan mun tashi."

Ya ɗauki tulun ya fita bayan gida ya tuntsurar. Farin ruwan ya bi ƙasa, ƙasar ta shanye nan da nan, ƙamshin wardi ya cika gidan. Kakata tana kan buzunta, carbi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kai ka fara shan sa," ta ce. "Da cokali."

Babana ya tsaya da tulu a hannu kamar an dasa shi. Sannan ya ajiye a hankali ya fita.

Ba wanda ya zo ya kwashe mu. Bayan 'yan watanni maganar ta mutu, mai waina ma ta dawo aron turmi. Amma kakata ba ta ƙara dafa kazar ba, ba ta ƙara daka 'ya'yan ba. Ba ta kuma taɓa tambayar wanda ya fitar da zancen ba, tunda mutum ɗaya ta gaya wa. Ta ci gaba da kirana ƙawata, tana yi min kitso, tana ajiye min ƙanzo. Labarin gidan Omdurman ne kawai ya ɗauke. Sau da yawa na zauna kusa da ita da niyyar in ce ta yafe min, sai in ce gobe. Shekara biyar ina cewa gobe.

Da ta rasu, muna kwashe kayanta, na jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai ƙulli biyar na farin ƙyalle, kowanne cike da 'ya'yan shammam, wankakku, tsintattu. Ashe duk shekara tana tarawa ita kaɗai, ban san ma a ina take shanyawa ba. Babana ya ga gwangwanin ya juya fuskarsa bango.

Yau gidajen kwanon nan babu su, inda famfon yake ma ban iya nunawa ba. Jikokina Larabci ya fi musu sauƙi, shammam kuma ana samunsa rani da sanyi, ba mai jiran lokacinsa. Babana ya bi mahaifiyarsa tuntuni. Uwar ɗakin kuwa ban san ƙasar da ta ƙare ba, ko tana da jikokin da ke jiƙa ƙulli a tulu suna jiran taurari uku.

Shekaranjiyar nan dai na karɓi 'ya'yan daga hannun jikata, na wanke da kaina, na shanya a tire bakin taga. Na zaunar da ita na ba ta labarin da Hausata, tun daga farko, har da cokalin, har da layin famfo. Ban ce ta rufe bakinta ba. Idan rumman ya shigo bana zan duba wata in ƙirga. Duk wanda na miƙa wa kofi zan gaya masa inda ruwan ya fito, gaba ɗayansa, ba rabi ba. In kofin ya dawo, ni zan shanye.